Yadda Ake Koya wa Yaro Gane Siffofin Abubuwa Masu Jiki da Kayan Cikin Gida

Wata ranar Laraba ɗiyar ƙanwata ta dawo daga makaranta fuska a murtuke, ta yar da littafinta a kan tabarma. An tambaye su fuska nawa kub, wato abu mai siffar ɗan lido, yake da su, ta rubuta uku, aka ja mata jan biro. "Kawu, wallahi uku ne. Ga zanen nan, ƙirga da kanka." Na duba, na ga ba ta yi ƙarya ba, domin a zane gaba da sama da gefe ɗaya kaɗai ido yake gani. Ban ce mata komai ba, sai na aike ta madafa ta ɗauko dunƙulen Maggi. Ta juya shi a tafin hannu sau biyu, ta yi tsit, can ta ce, "Au, ashe akwai na baya da na ƙasa."

Tun daga ranar na daina fara wa yara wannan darasi da zane. Abin da ke da tsawo da faɗi da kauri, hannu ne yake fara saninsa, ido ya biyo baya, baki ya zo ƙarshe da suna. A nan Garwa, a arewacin Kamaru, wannan tsari ya fi zama dole, saboda yaranmu harshe uku suke ɗauke da shi: Hausa a gida, Fillanci a unguwa da kasuwa, Faransanci a aji. Yaron da aka ɗora wa baƙon suna a kan abin da bai taɓa riƙewa ba, haddace shi zai yi kamar waƙa, bayan mako biyu ya zube.

Mataki na farko: a tara kayan

Ba sai an sayi komai ba. A samu faranti babba ko kwando, a zuba waɗannan: ɗan lido ko dunƙulen Maggi, akwatin ashana, sabulun wanki, gwangwanin madara ko na tumatir wanda aka daddaƙe bakinsa don kada ya yanki yaro, guntun alli, lemo, ƙwallo, mazurari, fensir mai gefe shida, da ƴan sulalla. Kowace siffa a yi ƙoƙari a samu misalinta biyu ko uku masu bambancin girma da launi. Wannan yana da muhimmanci, don idan gwangwanin madara kaɗai yaro ya sani a matsayin silandir, ranar da aka nuna masa alli zai ce ba shi ba ne.

Mai siffar dala ne kaɗai ba a cika samu a gida ba. Shi sai an gina shi da laka: a murza curi, a danna gindinsa a kan siminti ya baje, a gyara gindin ya zama murabba'i, sannan a shafe gefuna huɗu da wuƙa su haɗu a tsini ɗaya. A shanya a inuwa, rana tana fasa shi.

Mataki na biyu: wane ne ke gungura, wane ne ke zamewa

A jingina allo ko faifan katako a kan dutse ya yi gangare. A bar yaro ya riƙa sakin kayan ɗaya bayan ɗaya, amma kafin ya saki kowanne a tambaye shi, "Me kake gani zai yi?" Ya faɗa, sannan ya gwada. Lemo da ƙwallo za su gungura ta kowace fuska aka ajiye su. Akwatin ashana da sabulu sai dai su zame. Gwangwani kuwa baki biyu gare shi: a kwance ya gungura, a tsaye ya zame. Mazurari ya fi ba yara dariya, domin idan aka kwantar da shi a ƙasa aka tura, ba ya tafiya gaba, sai ya kewaya tsininsa ya dawo inda ya taso.

Daga nan sai gini. A ce ya ɗora su bisa juna ya ga tsawon da zai iya kaiwa. Da kansa zai gane cewa ba a ɗora komai a kan lemo, kuma mai tsini a sama kaɗai yake zama. Idan ya gama, ya raba kayan kashi uku a kan tabarma: masu gungura kawai, masu zamewa kawai, da masu yin duka biyun. Har yanzu ba a ambaci suna ko ɗaya ba. Ga ɗan SIL ko CP, wato aji ɗaya ko biyu na firamare, wannan ya ishe shi aikin kwana biyu ko uku, kwatan awa a kowace rana. Kada a ja shi har ya gaji.

Mataki na uku: a buga sawu a yashi

Wannan ne matakin da nake ganin ya fi kowanne amfani, kuma shi aka fi tsallakewa. A yayyafa wa yashi ruwa ya yi danshi, a baje shi da tafin hannu. Yaro ya danna kowace fuska ta abin da ke hannunsa, ya ɗaga ya ga sawun da ta bari. Ɗan lido zai bar murabba'i, duk ta inda aka juya shi, kuma girmansu ɗaya. Akwatin ashana zai bar sawu iri uku, babba da matsakaici da ƙarami, kowanne sau biyu. Gindin gwangwani da'ira, bakin mazurari da'ira. Dalar laka za ta bar murabba'i ɗaya da alwatika huɗu. Lemo kuwa rami kawai zai bari, don ba shi da shimfiɗaɗɗiyar fuska ko ɗaya.

A nan ne ake kashe babban ruɗanin da yara ke ɗauka har CM2, ajin ƙarshe na firamare, wato haɗa siffar da aka zana da abin da ake riƙewa. Za ka nuna wa yaro kub ya ce "kare", wato murabba'i da Faransanci, ƙannensa su fashe da dariya suna neman inda karen yake. Ka nuna masa ƙwallo ya ce da'ira. Maganinsa ke nan: ka nuna sawun da ke yashi ka ce, "Ɗauko mini wannan." Ba zai iya ba. "To, ɗauko mini wanda ya yi sawun." Sai ya miƙo ɗan lido. Murabba'i sawu ne, kub shi ne mai sawun. Na gwada bayanai da yawa, ban ga wanda ya kai wannan zama a kan yaro ba.

Mataki na huɗu: yanzu a raɗa suna

A fara da sunan gida, a bi shi da na aji, a faɗe su tare kamar suna da laƙabi. Mai siffar ɗan lido shi ne kub, kuma wannan ba baƙo ba ne ga duk yaron da aka taɓa aika sayen kub a shago. Mai siffar akwatin ashana ko bulo shi ne pabe. Mai siffar gwangwani, silandir. Mai siffar mazurari, kon. Mai siffar ƙwallo, sifer. Mai siffar dala, piramid. Fensir mai gefe shida da rufin kwano mai gangare biyu suna cikin dangin da ake kira pirisim, wato abin da kansa da gindinsa siffa ɗaya ce, girma ɗaya, gefunansa kuma a miƙe suke.

Kalmar dala tana bukatar ɗan bayani a wajenmu. Da na fara faɗa wa autan gidanmu, kuɗi ya zata, don dala a bakinmu faran biyar ce. Sai da na ba shi labarin dalar gyaɗa ta Kano, yadda ake jera buhuna, kowane layi ya fi na ƙasansa ƙanƙanta har a ƙare da tsini. Na kuma nuna masa hoton babbar dalar Giza ta Masar a waya, wadda aka gina wa Fir'auna Kufu fiye da shekara 4,500 da suka wuce, tsayinta na asali kusan mita 146. Daga nan ya rabu da zancen kuɗi.

Suna biyu a rana ya isa. Kuma a haɗa waɗanda ake rikitawa a rana ɗaya: kub da pabe tare, kon da piramid tare. Kub da pabe, bambancinsu a sawu yake. Kon da piramid duk masu tsini ne, sai a juya gindi a duba: da'ira ce ko mai kusurwa? Sulalla ma a fito da su a nan. Yaro zai ce sulai da'ira ne. A sa ya jera guda goma bisa juna, zai ga gwangwani ya fito, sai a riƙa cire ɗaya-ɗaya ana tambayarsa yaushe ne ya daina zama silandir. Amsar ita ce bai daina ba, siriri ne kawai.

Mataki na biyar: ƙirga fuska da gefe da tsini

Abu uku ake ƙirgawa. Fuska ita ce inda tafin hannu ke kwanciya, a aji ana ce mata fas. Gefe shi ne layin da fuska biyu suka haɗu, inda yatsa ke bi, shi ne aret. Tsini shi ne inda gefuna suka haɗu, wanda ke sukar yatsa, shi ne some.

Matsalar ƙirga ɗaya ce: yaro yana juya abu yana maimaita abin da ya riga ya ƙirga. Saboda haka a ba shi alli ya sa alama a kan duk fuskar da ya wuce. Ɗan lido ma ya zo da lambobinsa, daga 1 zuwa 6, kuma duk fuska biyu da ke bayan juna idan aka haɗa ɗigonsu bakwai ake samu, abin da yara ke son gwadawa su ga ko za su kama ni da ƙarya. Gefuna kuwa a koya masa ƙirga su rukuni-rukuni: huɗu a sama, huɗu a ƙasa, huɗu a tsaye, goma sha biyu ke nan. Tsini huɗu a sama, huɗu a ƙasa.

Ga abin da ya kamata ya samu. Kub da pabe: fuska 6, gefe 12, tsini 8. Dala mai gindin murabba'i: fuska 5, gefe 8, tsini 5. Pirisim mai kan alwatika: fuska 5, gefe 9, tsini 6. Fensir mai kai mai kusurwa shida da ba a fere ba: fuska 8, gefe 18, tsini 12.

Ga manyan yara akwai wani sirri da nake ɓoyewa sai sun cika wannan jadawali da hannunsu. Ina ce su haɗa fuska da tsini, su cire gefe. Kub: 6 da 8, 14, a cire 12, saura 2. Dala: 5 da 5, 10, a cire 8, saura 2. Duk wanda suka gwada, biyu ke fitowa. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, Leonhard Euler, ya rubuta wannan ƙa'ida a 1750. Amfaninta ga yaro shi ne ta zama masa ma'auni a ɗakin jarrabawa: idan bai samu biyu ba, ya san ya yi kuskure a ƙirga, ya koma. Sai dai a gaya masa tana aiki ne ga irin waɗannan masu shimfiɗaɗɗun fuskoki, ban da gwangwani da mazurari da ƙwallo.

Su waɗannan masu lanƙwasa, littattafai ba su haɗu a kan yadda ake ƙirga su ba. Wani ya ce silandir fuska uku gare shi, wani ya ce biyu ne da jiki mai lanƙwasa. Kada a sa yaro gardama da malaminsa. A duba abin da aka rubuta masa a littafin aji a bi shi, muddin ya san abin da hannunsa ya taɓa: da'ira biyu da jiki ɗaya mai zagaye.

Mataki na shida: gini da kara

Yaran da ke ƙera mota da tabarau da karan dawa ba sa bukatar a koya musu wannan, nuni kawai suke so. Bayan kaka kara ba ya wuya, a wajen Marwa ma ana sake samun na muskuwari, wata irin dawa, da rani. A ɓare ɓawon karan a yanka shi tsinke-tsinke daidai wa daida, totuwar kuma a yanka ta gutsi-gutsi ta zama mahaɗi. Inda babu kara, tsinken tsintsiya da ƙananan curin laka sun wadatar.

Kafin ya fara, a sa shi ya yi oda kamar magini: "Tsinke nawa kake so? Mahaɗi nawa?" A ba shi daidai abin da ya nema, ko da ya yi kuskure. Wanda ya ce tsinke takwas zai gina kub, zai tsaya a tsakiyar aiki ya dawo neman huɗu, kuma ba zai ƙara mantawa ba. Idan an gama a ɗan tura kub ɗin da yatsa, zai karkace. A tura dala mai gindin alwatika, mai tsinke 6 da mahaɗi 4, ba za ta motsa ba. Daga nan a ɗaga kai a nuna masa katakon rufin kwano, yadda kafinta ya giciye su alwatika-alwatika, zai gane dalili.

Mataki na bakwai: buhun lalube

A zuba kayan a buhu, yaro ya sa hannu ba tare da leƙawa ba. Da fari a ce ya fito da silandir. Idan ya ƙware sai a juya wasan: ya kama abu ɗaya ya siffanta shi da baki, sauran yara su canka. "Yana da tsini ɗaya, gindinsa ba kusurwa." Dokar ita ce ba a faɗin amfanin abu, ba a cewa "wanda Inna ke zuba mai da shi". Wannan wasa ya dace da daren da aka ɗauke wuta.

Idan akwai tocila, a ƙara da wasan inuwa a bango. Gwangwani ɗaya zai ba da da'ira idan an haska shi ta gindi, ya ba da dogon murabba'i idan an haska shi ta gefe. Ƙwallo kaɗai ne inuwarsa ba ta sake kama duk yadda aka juya shi.

Mataki na takwas: a fita waje

Garinmu cike yake da darasin. Bukkar da ke cikin sare, wato gida da Fillanci, silandir ce aka kifa mata kon na jinka. Gangar mai, bakin rijiyar siminti da bututun ruwa duk silandir ne. Tsibin gero a kasuwa da tulin yashin da ake haƙowa daga kogin Binuwai, da kansu suke zama kon. Ƙwarya rabin sifer ce, haka ƙubbar masallaci da yawa. Dunƙulen fura sifer. A wajen masu zuma ta Gaundare a nemi guntun saƙa a duba ramukan, kowanne gefe shida gare shi kamar fensir.

Waɗanda ba su shiga kowane aji ba sun fi koyarwa, don haka kada a kauce musu. Kalangu ba silandir ba ne, ƙugunsa ya tsuke. Ƙwai da goruba ba sifer ba ne. Tubalin gargajiya na ƙasa da ake murzawa da hannu ba kon ba ne sosai, ba kuma pabe ba. Gidajen laka na ƙabilar Musgum da ke wajen Pus da Maga, masu kama da ƙwai da aka kafa a ƙasa, bangonsu lanƙwasa yake yi har sama, alhali gefen kon a miƙe yake kamar sanda. Ka'aba ma, wadda sunanta da Larabci ke nufin kub, tsawonta da faɗinta da tsayinta ba daidai suke ba, a lissafin aji ta fi kusa da pabe. Idan yaro ya ce "ya yi kama da kon amma ba shi ba ne", a tambaye shi me ya hana, a saurari amsarsa har ƙarshe ba tare da an katse shi ba.

Mataki na tara: a warware kwali, a auna gero

Wannan na ƴan CM ne, wato azuzuwa biyu na ƙarshen firamare. A ɗauki kwalin magani ko na man goge baki, a bi inda aka manne a buɗe shi a hankali har ya kwanta a ƙasa. Wannan shimfiɗar ita ce patiron. Yaro ya nemo fuskoki shida, ya sa wa duk biyun da ke kallon juna alama iri ɗaya, sannan ya naɗe ya ga ko ya canka. A ɓare takardar jikin gwangwanin tumatir ma, yara kan yi mamakin ganin dogon murabba'i ya fito daga abu mai zagaye. Bayan haka ya yanka murabba'i shida na kwali ya jera su yadda yake so, ya gwada naɗewa. Jeri goma sha ɗaya ne kaɗai ke ba da kub. Ba sai ya samo su duka ba, uku ko huɗu sun isa, tare da guda biyu da suka ƙi naɗuwa.

Sai awon da ba ya taɓa kasa burge su. A naɗe takarda mai kauri kamar mazurari, a zura tsinin cikin gwangwani har ya taɓa tsakiyar gindi, a sassauta ta buɗe ta taɓa baki ko'ina, a manne, a yanke abin da ya haura bakin. An samu kon ke nan mai baki ɗaya da tsayi ɗaya da gwangwanin. A tambaya: cikinsa nawa zai cika gwangwani? Kusan kowa biyu yake cewa, har manya. A cika da gero a juye, sau uku ne. Wanda ya haɗa kub na kwali mai santimita 10 ta kowane gefe kuma, abin da zai ci lita ɗaya ne cif, a gwada da gero da kwalbar lita.

Mataki na ƙarshe: a koma ga zane

Yanzu ne lokacin takarda, don a jarrabawar CEP ta kammala firamare zane za a ba shi, ba ɗan lido ba. A ajiye kub ɗin kara a gabansa. Ya zana murabba'i, ya zana wani daidai da shi a ɗan sama ta dama, ya haɗa kusurwoyi huɗu da layi huɗu. Sannan a ajiye sabulu kusa da na karan a tambaye shi waɗanne gefuna ne sabulun ya ɓoye. Uku ne, kuma duk a tsini ɗaya na baya suka haɗu. Ya goge su, ya mayar da su da layin ɗigo-ɗigo. Silandir kuma a sa ya tsuguna ya kalli bakin gwangwani ta gefe, zai ga da'irar ta shafe ta koma kamar ƙwai, shi ya sa ake zana ta haka.

Ɗiyar ƙanwata, da muka kai nan, ta ɗauko tsohon littafinta ta buɗe shafin da aka ja mata jan biro. Ta ƙara layukan ɗigo uku a kan zanen, ta rubuta 6 a gefe, ta tashi ta mayar wa Innarta dunƙulen Maggi kafin a neme shi a miya.